Fashin Baƙi: Wutar Nuwamba da Wutar Maris Ba Ɗaya Ba Ne

Kowace shekara, da an yanke gero an shiga karyar dawa, sai sanarwa ta cika gidajen rediyon Bauchi da Gombe: an hana ƙona daji, duk wanda aka kama zai gamu da fushin hukuma. Hakimai su kira dagatai, dagatai su kira masu unguwanni, mai shela ya zaga kasuwa. Kowace shekara kuma sai daji ya ci. Wanda ya taɓa bin hanyar Bauchi zuwa Gombe da daddare a cikin hunturu, daga Dindima ya wuce Alkaleri ya nufi Bara, ya san jan layin nan da ke kwance a gindin duwatsu yana tafiya a hankali, da ƙaurin da ke shigowa mota ko an rufe gilashi.

Idan an yi shekara da shekaru ana nanata doka ɗaya ba ta kama ba, to ko dai mutanen ne suka fi ƙarfinta, ko kuwa ita ce ba ta san abin da take hanawa ba. Na fi karkata ga na biyun. Daji irin namu, mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, wanda ke shan ruwa wata biyar ya bushe wata bakwai, zai ci wuta ko mun so ko mun ƙi. Abin da ke hannunmu shi ne wane wata zai ci, wane gefe zai ci, kuma wa zai riƙe ashanar. A kan haka ƙasashen da suka sha wuyar gobarar daji suka gina aikinsu. Mu kuwa har yau muna nan a kan "kada a ƙona".

Dajin wa ke ci?

Filin da ake magana a kai ba ƙarami ba ne. Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri, ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. A cikinsa ne ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage wa Najeriya yake kiwo, ga ɓauna, ga gwanki, ga dorina a kogin Gaji. Akwai Lame-Burra a tsakanin Toro da Ningi, akwai Sumu a Ganjuwa. A Gombe akwai gandun Kanawa a Yamaltu-Deba, da makiyayar Wawa-Zange ta wajen Dukku da Funakaye. Ban da su, ga ƙananan gandayen daji da aka shata tun zamanin En'e, ga burtalai, ga sabbin dashe na shirin katangar itatuwa da ake yi don tare hamada, wanda jihohin biyu duk suna ciki, ga na shirin Gombe Goes Green da aka soma a 2019.

Dokar amfani da filaye ta 1978 ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna domin amfanin jama'a. A takarda ke nan. A bakin mutumin ƙauye, "dajin gwamnati" daji ne da ba na kowa ba. Mutumin da zai fito tsakar dare da bokiti idan rumbun maƙwabcinsa ya kama, shi ne zai tsaya daga nesa yana kallon gandun daji na ci, hannunsa a baya. Kada a yi saurin cewa mugunta ce. An hana shi shiga dajin, an taɓa ƙwace masa gatari a kan itacen girki, an ci ɗan'uwansa tara saboda saniya ta ƙetare iyaka. Don me zai shiga hayaƙi ya kare abin da aka ce masa ba nasa ba ne? Alhali a hadisi an ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku: ruwa, ciyawa da wuta. Matuƙar mutanen Duguri da Pali da Gwana ba su ga rabonsu a Yankari ba, babu adadin ma'aikatan da zai isa ya tsare shi daga wuta.

Abin da wata guda ke canzawa

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne gindin maganar.

Ƙarfin wutar daji ya dogara ne ga yawan abin da za ta ci da bushewarsa, da yanayin iska, da kwanciyar ƙasa. A kudancin Bauchi da Gombe, inda ruwan shekara kan kai milimita 1,000 ko ya haura, gamba takan yi tsawon da mutum zai ɓace a cikinta ko ya ɗaga hannu. A ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ciyawar nan ta soma yin ja daga sama, amma gindinta da sauran danshi, kuma raɓa na sauka da dare. Idan aka sa mata wuta da la'asar sakaliya, sai wutar ta riƙa rarrafe, harshenta bai wuce gwiwa ko ƙugu ba. Ta ci nan ta tsallake can, ta tsaya a bakin rafi, ta kasa shiga fadama, dare na yi raɓa ta kwantar da ita. Da safe za ka ga daji dabbare-dabbare, wani wuri baƙi wani wuri ciyawa a tsaye. Zomo da gada da zabin daji sun sami inda suka fake.

Je ka wannan wurin a Fabrairu ko Maris idan ba a taɓa shi ba. Iskar hunturu ta yi wata uku tana busowa daga arewa maso gabas, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, ganye ya zube ya haɗu da ciyawa, zafin rana ya doshi digiri 40. Ashana ɗaya ce, amma wutar da za ta tashi daban. Harshenta yakan kai rassan itatuwa, tana gudu da ƙara, tana jefa tartsatsi gaba ya tsallake titi ya kunna wata. Dare ba ya kashe ta. Sai ta kwana biyu ko uku tana tafiya har sai ta rasa abin ci.

Itatuwanmu sun saba da wuta, shi ya sa ɓawon kaɗanya yake da kauri da tsage-tsage, haka kirya da taura. Babban itace yakan tsira. Matsalar tana wajen 'ya'yansu. Ɗan itacen da bai kai tsawon mutum ba, wutar bazara takan ƙone shi har ƙasa. Saiwarsa ba ta mutu ba, da damina ya sake tohowa, bazara ta zagayo a sake ƙone shi. Haka zai yi ta yi shekaru bai taɓa zama itace ba. Shi ya sa za ka ratsa daji ka ga tsofaffin maɗaci da kawo da ɗorawa a tsaitsaye, ka ce daji lafiya lau, alhali babu na baya da za su gaje su. Ran da mai gawayi ya sare tsofaffin, shi ke nan.

Ga kuma asarar da ba a cika lissafawa ba, domin ta mata ce. Kaɗanya tana fure ne a cikin rani, ɗorawa ma a lokacin take fitar da tutu. Wutar da ta zo a makare furen take babbakewa. Matar da ke tsintar kaɗanya ta yi man kaɗe, da wadda ke jiran kalwa ta yi daddawa, su ne za su ga ragin a damina, ba tare da wani ya haɗa shi da gobarar da aka yi wata huɗu baya ba. Amyar da ke rataye a reshe ta tafi, ƙudan zuman da ke barbarar furen ma sun tafi.

Sai ƙasa. Manomi yakan ce toka taki ce, kuma yana da gaskiya rabi. Tokar tana da sinadaran da shuka ke so. Amma naitirojin, wato abin nan da yake saye da tsada a buhun yuriya, mafi yawansa hayaƙi yake bi ya tafi. Tokar da ta rage kuma, idan a Maris aka yi ƙunar, iska ta kwashe rabi, ruwan farko na Mayu ya sauka da ƙarfi a kan ƙasa tsirara ya wanke saura zuwa kwari. Mutanen Gombe ba sa bukatar a yi musu bayanin zaizayar ƙasa. Idan kuwa a Nuwamba aka ƙona, ganyen itatuwa zai zubo daga baya ya rufe ƙasa, gamba ta yi toho tun da sauran danshi.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. A gandun Olokemeji da ke tsakanin Ibadan da Abeokuta, a 1929, ma'aikatan daji sun yanki fili suka raba uku: ɗaya ana ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya an hana wuta shiga sam. An yi irinsa a Kokondekro kusa da Bouaké a ƙasar Kwaddibuwa daga 1936, aka yi shekaru da dama ana bibiya. Sakamakon ya yi kama. Filin da ake ƙonawa a makare ya koma ciyawa da tsirarun itatuwa masu jure wuta. Wanda ake ƙonawa da wuri ya riƙe itatuwansa har ya ƙara. Wanda aka tsare ya rufe ya doshi zama kurmi. Wuraren nan sun fi mu ruwa, don haka kada a zaci Alkaleri za ta zama kurmi idan an hana wuta. Sai dai bambancin da ke tsakanin wutar farko da ta ƙarshe, wannan kam ya shafe mu kai tsaye.

Mai tambaya zai ce, to ai wanda aka tsare shi ya fi, me zai hana a tsare duka? Amsar ita ce, ƙaramin fili ne da ma'aikata ke share kewayensa kowace shekara. Wa zai kewaye murabba'in kilomita dubu biyu ya tabbatar babu wanda ya ƙyasta ashana har wata bakwai? Idan ka hana a Nuwamba ka kasa hanawa a Maris, ka tara wa wutar Maris abinci ne kawai.

Amurka ta gwada hani da ƙarfin dukiya

Babu ƙasar da ta kai Amurka zuba kuɗi a kan hana wuta. Hukumar gandun dajinta tana da shekara biyar da kafuwa lokacin da gobarar Agustan 1910 ta lashe kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, mafi yawa cikin kwana biyu, ta kashe mutum fiye da 80, galibinsu masu kashe gobara. Abin ya shiga ransu. A 1935 suka kafa ƙa'ida cewa duk wutar da aka gani, a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Suka gina hasumiyoyin tsaro, suka yanka hanyoyi, daga baya har da jiragen sama da masu dira da laima. Suka kuma hana 'yan asalin ƙasar ƙunar da suka gada kaka da kakanni.

Sun yi nasara na wani lokaci, kuma nasarar ce ta zame musu matsala. Dazuzzukan da a da ƙaramar wuta ke sharewa duk bayan 'yan shekaru suka cushe da matattun rassa da ƙananan itatuwa. A 1978 hukumar ta janye ƙa'idar ƙarfe 10. A 1988 fiye da kashi ɗaya cikin uku na gandun Yellowstone ya ƙone. Zuwa 2015, fiye da rabin kasafin hukumar a kan gobara yake ƙarewa. A 2018 wuta ta share garin Paradise a Kalifoniya, mutum 85 suka rasu. Fari da ɗumamar yanayi da gina gidaje a cikin daji duk suna da hannu, amma su kansu sun yarda tarin makamashi na cikin manyan dalilai. Yau suna kashe kuɗi su kunna wuta da gangan, a ranar da suka zaɓa, da ma'aikata a tsaye.

Dajinsu ba irin namu ba ne, nasu shekaru yake yi yana tara makamashi, namu damina ɗaya ta ishe shi. Wanda ya fi kama da namu shi ne na arewacin Ostareliya, ciyawa da itatuwa da dogon rani. A can, da aka raba 'yan asalin ƙasa da filayensu, ƙunar farkon rani ta tsaya, manyan gobarar ƙarshen rani suka mamaye. Daga 2006, a yammacin yankin Arnhem, aka mayar da aikin hannun mutanen wurin, suna ƙonawa da wuri yanki-yanki, har ana biyan su saboda hayaƙin da ke tashi ya ragu. Ilimin tsofaffi ne aka haɗa da taswirar tauraron ɗan'adam.

Mu ma muna da irin tsofaffin nan. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna kusan kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya duk shekara a Afirka yake, amma ba kasafai ake jin ya cinye gari ba, domin mafi yawansa ƙananan wutace ne da mutanen karkara ke sawa da sani.

Masu ashana ba iri ɗaya ba ne

Babban kuskuren sanarwar rediyo shi ne zuba kowa a kwando ɗaya. Dattijon da ya sa matasa suka ƙone ciyawar bayan gari a Nuwamba, don kada wutar baya ta iso rumbuna kuma macizai su yi nisa, aikin kariya ya yi. Makiyayin da ya ƙone gefen fadama da wuri don gamba ta yi toho shanu su samu ɗanye, kaska kuma ta ragu, yana da hujja, in dai ya san iyakarsa. Waɗannan ba a haɗa su da samarin da za su cinna wa tudu guda wuta a Fabrairu don gafiya uku da ɓera, su ɗauki namansu su bar wutar ta yi gaba. Ba a haɗa su da mai ɗiban zuma da ya jefar da bakin wuta a gindin itace, ko mai gawayi da ya buɗe raminsa da sauran garwashi, ko maharbin sata da ke ƙona cikin Yankari don ya hango dabba daga nesa kuma toho ya jawo masa ita. Manomi mai sassabe ma, a Maris da Afrilu yake tara kara da ƙirare ya ƙona, lokacin da daji ya fi bushewa, kuma sau da yawa iska ce ke ɗaukar wutar daga gonarsa zuwa inda bai nufa ba.

Akwai kuma wadda ta fi ciwo, wutar ƙiyayya. Manomi ya ƙone karan gonarsa don kada shanu su shigo, ko wani ya cinna wa makiyaya wuta don a tashi ruga, ko a rama a kan tarin amfanin gona da ba a kai gida ba. Wannan ba aikin malamin daji ba ne, aikin sulhu ne da shari'a. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga gidan tururuwa da aka ƙona ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Idan a kan tururuwa aka faɗi haka, ina ga abincin shanun mutum na wata biyar? Ina ganin limamai a masallatan Juma'a, da fastoci a Tafawa Ɓalewa da Billiri da Kaltungo, sun fi kowace sanarwa isa ga masu wannan aiki.

Arewa kuma hukuncinta daban

Duk abin da na faɗa a kan ƙunar farko, na kudu ne da tsakiya, inda ciyawa ke da saiwa mai rai. Idan ka haura Katagum, Gamawa, Zaki, ko Nafada, ruwa ya ragu, ciyawar gajera ce, irin su ƙarangiya da kyasuwa, masu zubar da iri su mutu. Ita ba ta toho bayan wuta. Busasshiyar ciyawar da ke tsaye a nan ita ce abincin dabbobi har ruwa ya sauka, ita ce kuma rigar da ke hana iska kwashe yashi. A irin wannan wuri babu wata wuta mai kyau, ta Nuwamba ko ta Maris. Abin da ake bukata shi ne a yanka makiyaya da faffaɗan layuka da aka share, yadda maƙwabtanmu na Nijar ke yi duk shekara a yankunan kiwo, ana biyan mutanen ƙauye kuɗin aikin. Haka sabbin dashe, da ƙananan gandaye masu duhuwa irin Kanawa, da kurmin bakin kogin Gaji: waɗannan tsarewa ake yi ɗungurungum. Doka ɗaya ba za ta yi wa Zaki da Toro daidai ba.

Idan ta riga ta tashi

Mutane kan ce ina 'yan kwana-kwana. Motarsu an ƙera ta ne don gobarar gida da kasuwa: tana son titi, tana son wurin ɗiban ruwa, kuma tankinta 'yan mintuna ne ya ƙare. Daga Bauchi zuwa Wikki, masaukin baƙi da ke cikin Yankari, ya haura kilomita 100. Kafin ta isa, bakin wutar ya yi faɗin da ruwan tanki goma ba zai jiƙa ba. Ko a ƙasashen da ke da jirage, mutanen da ke ƙasa da kayan hannu su ne ke kashe gobarar daji, ta hanyar raba ta da abin da za ta ci.

Kayan aikin duk muna da su: fartanya, adda, manjagara, ɗanyen reshe ko sanda mai faifan roba a baki, da injin feshi na goyo wanda kusan kowane manomi ya mallaka, a wanke shi sarai a cika da ruwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne horo. Ƙa'idar masana ita ce, harshen wuta in ya wuce kimanin mita ɗaya da 'yan kai, wato ya kai ƙirjin mutum, ba a tunkarar sa da kayan hannu. Ba a tsayawa gaban wuta. Ana biyo ta ne daga baya, ta inda ta riga ta cinye, a riƙa matse ta daga gefe biyu har bakinta ya tsuke, ƙafa ɗaya kullum a kan baƙar ƙasa domin nan ne mafaka. Idan ta fi ƙarfin haka, sai a ja da baya zuwa hanya ko rafi ko layin da aka share, a kunna wata wutar daga nan ta tafi ta tarbi mai zuwa, su haɗu su mutu. Wannan dabara tana aiki, tana kuma kashe mutane idan wanda bai san iska ba ya yi ta, don haka mutum ɗaya ne ke ba da umarninta.

Tudu shi ne babban haɗari, kuma muna da shi a Dass da Tula da Toro. Wuta tana hawa sama da sauri fiye da yadda take tafiya a shimfiɗe, gudunta yakan ninka a duk ƙarin digiri 10 na gangare, mutum kuwa gudunsa raguwa yake yi. A Mann Gulch ta jihar Montana, a Agustan 1949, wutar ciyawa ta biyo ma'aikata a kan gangare ta kashe 13. Shugabansu, Wagner Dodge, da ya ga ba za su tsere ba, sai ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar gabansa ya kwanta a cikin tokar, wutar ta wuce ta gefensa ya tsira. A 2013 a Arizona, ƙwararru 19 suka mutu a rana ɗaya da iska ta juya. Waɗannan masu horo ne da kayan kariya. To ina ga yaronmu da ke shiga da silifa da rigar leda, wadda ke narkewa ta manne a fata? Duk ƙungiyar da za ta fita, a sa mutum ɗaya a wuri mai tsayi ba ya komai sai kallon wuta da iska, kowa ya san ta inda zai gudu da inda za a taru, a sa kayan auduga da takalmi rufaffe, a ɗauki ruwan sha. Yara kuma a bar su a gida.

Mafi arhar aikin duka shi ne wanda ake yi kafin wuta. A share layi biyu da fartanya, a bar tazarar mita goma ko ashirin a tsakaninsu, a zo da yamma iska ta kwanta a ƙone tsakiyar. An sami shinge ke nan wanda wuta mai matsakaicin ƙarfi ba za ta tsallake ba, kuma wurin tsayawa ne ga masu tarbar babba.

Wa zai riƙe ragamar?

Dokar tana nan. Ƙa'idojin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, na 2011 a kan gobarar daji da ƙone-ƙone a fili sun tanadi neman izini kafin ƙonawa. Sai dai izinin da manomin Gwana zai je birni nema, izini ne da ba za a taɓa nema ba. A ganina a sauko da shi fadar dagaci. A watan Oktoba hakimi ya zaunar da malamin daji, da sarkin noma, da arɗo, da sarkin baka, da wakiliyar mata masu kaɗanya da kalwa, a fitar da taswirar ƙasar: nan za a ƙona da wuri, nan ba za a taɓa ba, nan za a ja layi, wannan gefen a bar wa masu yankan shuci da zana su gama tukuna. A sa ranar rufewa gwargwadon bushewar shekarar. Wanda ya kunna bayan ranar, a nan ne hukunci zai yi ma'ana, kuma jama'a da kansu za su nuna shi, domin da su aka yanke.

Ba sabon abu ba ne a Afirka. Gana, bayan gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko da abinci a shekarar fari, ta yi doka a 1990 da ta kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka. Afirka ta Kudu tun 2003 take ɗaukar dubban matasa marasa aiki tana horar da su a wannan fanni tana biyan su. Mu da muke da ƙungiyoyin maharba da 'yan banga a kusan kowace gunduma, mutanen da suka san kowane kwari da kowane tudu, rabin aikin a shirye yake. Gano inda wuta ta tashi ma ya yi sauƙi: shafin FIRMS na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, yana nuna wuraren da ke ci cikin 'yan sa'o'i, kyauta, ga duk mai waya da intanet. Ma'aikaci ɗaya a ma'aikatar muhalli zai iya duba shi safe da yamma ya buga wa dagacin da abin ya shafa.

Kuɗi kuma, akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 ga jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda aikinsa farfaɗo da ƙasar da ta lalace ne. Ina roƙon masu tsara shi a jihohin nan biyu su ware wa kowane dashe kuɗin share layi na aƙalla shekara biyar, domin itacen da aka dasa aka yi ta ban ruwa, wutar yini ɗaya ta ishe shi. Lokacin sakin kuɗin ma yana da muhimmanci kamar yawansa: aikin layi da ƙunar farko na Oktoba da Nuwamba ne, don haka dole kuɗin ya isa hannun ma'aikata tun Satumba.

Saura matsalar tsaro. Akwai sassan Lame-Burra da dazukan Alkaleri da miyagu suka sha fakewa a ciki, kuma ba adalci ba ne a tura malamin daji da fartanya inda soja ke shiga da shiri. A irin waɗannan wurare sai a fara daga baki: a ja layi tsakanin daji da gonaki, a ƙone kewayen ƙauyuka da rugage da wuri, a horar da mutum goma sha biyar ko ashirin a kowane gari da ke kan iyaka, a ba su takalma da injin feshi da lambar wanda za su kira. Cikin dajin kuma a shiga da ƙunar farko a shekarar da masu tsaro suka tabbatar hanya ta buɗe.